Injin Nan Jarinku Ne: Kira Ga Masu Laftof a Gwandu da Kalgo

Gaisuwata ta yau ta wasu masu nema ce da ba a cika yi wa kirari ba. Manomi yana da makaɗinsa, maƙeri yana da nasa, mahauci ma ba a bar shi a baya ba. To wa ya taɓa wasa mai buga takardu a shagon kwamfuta? Wa ya taɓa jinjina wa sakataren ƙungiyar manoman shinkafa, wanda ya raba dare yana shigar da sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya don kada a bar kowa a baya? Wa ya tuna da malamar makarantar da ke haɗa sakamakon jarrabawar aji guda, ga goyo a baya, ga batir yana shirin mutuwa? Ku nake kira. Ku da kuka tara kuɗi sannu a hankali, wani da adashi, wani da kuɗin albasa, wata da ta sayar da tunkiyarta, har kuka mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka. Kun yi abin a yaba, kuma abin da ya rage bai fi ƙarfinku ba: ku san injin nan, ku kiyaye shi, ku sa shi ya ciyar da ku.

Wanda ya san Kalgo kafin shekarar 2013 ya san yadda al'amura suka sauya. A shekarar ne aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta fara aiki a nan Kalgo, mazauninta na dindindin kuma yana Unguwar Jeji, a kan hanyar Bunza. Jami'a kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Tana zuwa da ɗalibai, kowane ɗalibi da takardun rajista, da aikin gida, da furojet na shekarar ƙarshe da sai an buga shi, an gyara, an sake bugawa. Ga babban asibitin jiha da ke garin, ga jami'ar Aliero, ga kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. A watan Nuwamban 2015 ne aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, kuma tun daga lokacin manomin fadama ya gane cewa sunan da ba ya cikin kwamfuta, da lambar banki a gefensa, ba ya zuwa ko'ina. Duk wannan aiki wa zai yi shi? Baƙo za a ɗauko daga Ikko? Ku ne za ku yi, 'yan Kambaza da Dalijan, 'yan Diggi da Zuguru. Aiki ya zo har ƙofar gida, ku tashi ku tarbe shi!

Mu fara daga saye, domin tun ran gini tun ran zane. Yawancinmu na hannu muke saye, waɗanda suka yi aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko shagunan titin Beirut a Kano, daga nan su gangaro Sakkwato da Birnin Kebbi. Babu abin kunya a wannan. A ra'ayina tsohuwar laftof irin ta ofis, kamar ThinkPad ta Lenovo, ko Latitude ta Dell, ko EliteBook ta HP, ta fi dacewa da mai sana'a a kan sabuwa mai ƙyalli da aka yi da roba mai laushi. An ƙera su don wahala, suna buɗuwa da sukurdireba ba tare da faɗa ba, kuma kayan gyaransu suna samuwa. Amma kada ka yarda a miƙo maka ita a leda ka kama hanya. Zauna a shagon. Kunna ta. Buɗe farin shafi ka danna kowane harafi a kibod, daga farko har ƙarshe. Soka filash a kowace ƙofa. Buɗe murfin ka rufe, ka ji ko marfin yana ƙara ko yana lilo. Cire caja ka bar ta tana aiki kana kallon yadda batir ke sauka. Shiga BIOS ka tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin wani kamfani ba. Mai shago na gari ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa ya ba ka amsa. Kuɗinka ne, guminka ne, ka bincika da ƙarfin gwiwa!

Lambobi uku kawai za ka riƙe. RAM kada ya gaza gig 8. Ma'ajiyar ta zama SSD, domin tsohon had-dis faifai ne da ke juyawa a ciki, ga nauyin tashi, ga shi girgizar hanya da faɗuwa suna saurin kashe shi, kuma mu masu hawa babur ne. Na ukun ita ce shekarun injin. In an ce maka Core i5 ce, ka tambayi ta wane zubi. Dubi lambar da ke bayan ɗan layin: in ka ga i5-8250U, takwas ɗin nan na farko shi ke nuna zubi na takwas, in ka ga i5-4300U, na huɗu ne. Wannan yana da muhimmanci yanzu, saboda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa. Wanda tasa ta girmi haka kada ya karaya, akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta ne, suna tafiya lafiya a tsohon inji, kuma LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel. Da tsohuwar zuma ake magani, in an san yadda za a yi da ita.

Ranar da ka kawo ta gida, kada ka fara da zuba finafinai da waƙoƙi. Fara da buɗe asusunka da sunanka da kalmar sirrinka, ka goge na mai shago. In yara ko abokan aiki za su taɓa ta, yi musu nasu asusun daban, wanda ba shi da ikon saka manhaja ko cirewa. Nemi wuri mai ƙarfin intanet ka bar Windows ta kammala sabunta kanta, ko da za ta ci data, domin kuɗin nan kariya ka saya. Ka cire tarkacen manhajojin da ke tashi tare da injin suna cinye masa ƙarfi: danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ka ga jerinsu, ka kashe waɗanda ba ka buƙata. Sannan ka ƙara kibod ɗin Hausa a cikin saitin harsuna. Yana nan cikin Windows, kuma da maɓallin Windows da na tazara kake sauyawa tsakaninsa da na Turanci. Mai buga katin biki ko takardar ƙungiya da ɓ da ɗ da ƙ a mazauninsu, aikinsa daban yake, kuma masu ido suna gani. In injin ya nuna maka wata doguwar lambar BitLocker, rubuta ta a takarda ka adana, wata rana ita ce mabuɗin duk abin da ka tara.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne jarumtar take. Wanda ya ƙera laftof ɗin nan bai san bazarar Kebbi ba. Bai san watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwanon shago ya ɗauki rana, iskar fanka ma ta koma mai ɗumi. Bai san hunturu ba, da ƙurar da ke shiga ta ƙofa a rufe, ta kwanta a kan komai. Abokan gaba uku ne injinka ke fuskanta a ƙasarmu: zafi, da ƙura, da wutar da ke zuwa ba sallama. Kuma duk ukun ana cin galabarsu.

Je ka shagon mai gyara ka tsaya a kansa in yana buɗe laftof ɗin da ta shekara biyu ba a taɓa ta ba. Zai kife ta, ya kwance kusoshi, ya jera su a murfin kwalba don kada su ɓace, ya ɗaga bayan. Ga 'yar fanka nan, ga wani bututun jan ƙarfe ya taso daga tsakiyar injin ya nufi gefe, inda wasu siraran haƙarƙarin ƙarfe ke jere a bakin tagar iska. A nan ƙura take taruwa, ta haɗu da zaren tufafi, ta daskare ta yi kauri har sai an ɓamɓaro ta da tsinke. Fanka tana ta juyawa tana kuka, iska ba ta da hanyar fita. In zafi ya yi yawa, injin da kansa yake rage gudu don ya tsira, in abin ya faskara ya kashe kansa. Shi ne za ka ji mutum yana cewa kwamfutarsa ta tsufa, ko an yi mata baki, alhali numfashi kawai take nema. Mai gyaran zai share, ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar injin, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan, ya mayar. A kunna, shiru, sanyi, gudu. Aikin da bai kai awa ɗaya ba ya dawo da injin da ake shirin sayarwa da asara.

Kowa a fadamar nan ya san injin ban-ruwa. Manomin da ke canja masa baƙin mai a kan kari, yana wanke matatar iska, yana ɗauke shi daga rana, injinsa yana kai shi rani bayan rani. Wanda ke jira sai ya tsaya, ranar da shinkafa ta fi bukatar ruwa ranar yake tsayawa. Haka laftof take, ba ragi ba ƙari. Ka sa mata lokacin shara, mafi dacewa a ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama, domin ta shiga bazara da hanyar iska a buɗe. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma tana aiki, tagoginta na ƙasa ne suke toshewa. Tebur, ko allon katako, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa. In za ka hura mata iska, kashe ta tukuna, ka riƙe fankar da tsinke don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. In ka gama aiki, rufe ta, saka ta a jaka. Kofin shayi da ledar fiyawota kuma su zauna nesa. In tsautsayi ya sa ruwa ya zube, kashe ta nan take, cire caja, kife ta, kada zumuɗi ya sa ka kunna don ka gani ko tana yi. Wannan kunnawar ce ke ƙona bod. Ƙananan abubuwa ne, ko ba haka ba? To su ne ke raba wanda ke canja inji duk shekara da wanda ke ƙara na biyu a kan na farko. Ka zama na biyun!

Batir kuwa zafi ne babban makashinsa. Batirin lithium ba ya son a bar shi ya ƙare ƙaƙaf, ba ya kuma son zama cike fal a cikin zafi kullum. Tsakanin kashi 20 da 80 ya fi jin daɗi, kuma injinan Lenovo da Dell da HP da yawa suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika. Na san halin da muke ciki, wanda bai san yaushe wuta za ta dawo ba dole ya cika batirinsa, babu laifi. Amma mai shagon da ke kan sola daga safe zuwa yamma, ya kunna wannan saitin, zai ga amfaninsa. Kada a bar ta a mota a rufe da rana. In ka ga wurin da ake jan yatsa ya fara tasowa, ko bayanta ya kumbura, batir ne ya kumbura, a cire shi ba da wasa ba, kuma kada a huda shi.

Sai caja. Juya taka ka karanta ƙananan rubutun bayanta. Za ka ga tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wato ƙarancin wuta bai cika damunta ba. Abin da ke kashe ta shi ne tunkuɗowar wuta lokacin da aka kawo ta, ko sa'ad da janareta ke tari man fetur zai ƙare, ko tsawar damina. Saboda haka in an ɗauke wuta, zare caja daga bango, in an kawo, bari ta zauna tukuna. In hadari ya haɗu, zare. In cajarka ta mutu, nemi mai lambobi irin nata, bolt 19.5 ko 20 gwargwadon injinka, wat 45 ko 65 ko 90, kada ka ɗauki wadda ta gaza. Araha ba ta ado, cajar banza tana iya tafiya da bod ɗin da ya ninka kuɗinta sau da yawa. Ga kuma albishir: laftof ba ta da ci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin lissafi, amma injin da cajarsa wat 65 ce, ƙaramin faifan sola da batir da inbata mai kyau sun ishe shi wuni. Ranar nan da ke gasa mu a Afrilu, ita ce kuma za ta riƙe mana shago. Ku sa ta aiki!

Akwai abin da ya fi injin kansa tsada, shi ne abin da ke cikinsa. A nan mutanen Gwandu ba sa bukatar a koya musu komai daga waje, tarihinsu ya ishe su. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya riƙe yammacin daular daga Gwandu, ya rasu a 1829, hubbarensa yana nan cikin gari. Ya bar littattafai masu yawa a tafsiri da fiƙihu da nahawu da sha'anin mulki, ciki har da babban tafsirinsa Liya'ut Ta'wili. Ya yi su a tsakiyar yaƙi da hijira da nauyin jama'a, da alƙalamin kara da tawada, a kan takardar da ke ƙetaro Sahara daga ƙasar Italiya. Ta yaya suka iso gare mu bayan shekara kusan ɗari biyu, ga gara, ga gobara, ga damshin damina? Tadarishi da gafaka sun yi nasu ƙoƙarin. Amma abin da ya cece su shi ne kwafi. Almajiri ya zauna ya kwafa, wani ya kwafa daga nasa, kofi ɗaya a Gwandu, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a Kano, ɗaya a Ilorin. In gara ta ci na wannan gida, na wancan yana nan. Shi ya sa yau ake samunsu a gidajen malamai, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna. Masu kwafin nan ma'aikata ne, da yawansu ba a san sunayensu ba, kuma ku masu buga takardu na yau ku ne kuka gaji kujerarsu.

To jikan waɗannan mutane ne zai bar furojet ɗin ɗalibi mai babi biyar a wuri ɗaya tak? Jikansu ne zai bar lissafin ƙungiya na shekara uku a injin da ɓarawo zai iya ɗauka cikin minti ɗaya? Haba! Kofi uku, ɗan'uwa. Ɗaya a injin, ɗaya a filash ko had-dis na waje da ba ya kwana a jaka ɗaya da laftof, ɗaya a intanet. Google Drive yana ba kowane mai asusu gig 15 kyauta, kuma takardun rubutu ba su da nauyi, dubbansu za su shiga. Ka zaɓi rana, a ce kowace Alhamis da yamma kafin a rufe shago, ka kwashe aikin mako. Yatsanka kuma ya saba da Ctrl da S har ya riƙa dannawa ba tare da ka umurce shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Inji yana mutuwa a sayi wani, amma amanar da mutum ya ba ka in ta ɓace, babu kasuwar da ake sayo ta.

Filash ɗin jama'a kuwa ita ce babbar ƙofar bairos a shagunanmu. Ɗalibi ya zo da tasa, ta shiga injina goma kafin naka. Ka soka, sai ka ga takardu sun koma 'yan alamomi masu kibiya a gefe, ainihinsu ya ɓuya. Kada ka danna su. Bari Microsoft Defender da ke cikin Windows ya bincika tukuna, yana da ƙarfi matuƙar ana sabunta shi. Mafi sauƙi ma, ka ce a turo maka ta imel ko WhatsApp. Manhajar sata kuma, wadda ake cewa sai ka kashe mai gadin injin kafin ta shiga, ka tambayi kanka me ya sa take gudun mai gadi. Sannan ka tuna abin da ke ratsa hannunka: lambar NIN ta mutane, lambar BVN, hoton fasfo, takardar asibiti, takardar gado. In ka gama aiki ka goge abin da ba naka ba, ka kame bakinka a kan abin da ka gani. A gari irin Gwandu ko Kalgo, inda kowa ya san gidan kowa, sunan mai amana yana yawo da sauri, kuma shi ne tallar da ba a biya.

Inji dai inji ne, hannu ne ke sa shi magana. Wanda ke farautar haruffa da yatsa biyu zai wuni a kan shafi goma, wanda ya horar da yatsunsa goma zai gama ya karɓi aikin wani. Rabin awa kullum bayan asuba, kafin hayaniya ta tashi, cikin 'yan watanni za ka ga bambanci. In hannu ya faɗa, wuce gaba. Koyi Word da gaske, yadda ake sa ya jera lambobin shafi ya kuma haɗa jadawalin abubuwan ciki da kansa, domin a nan ɗaliban furojet ke shan wahala kuma a nan suke biya. Koyi Excel. Dillalin shinkafa yana so ya san buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, wa ke binsa, wa yake bi. Mai kantin magani yana so ya san wane kwali ne kwanansa ya kusa ƙarewa. Shugaban makaranta yana so maki ya haɗu, matsayi ya fito, ba tare da kuskure ba. Duk wannan layi ɗaya ne na lissafi a Excel, ka ja shi ƙasa ya cika sauran. Koyi CorelDRAW, bikin aure da suna da walimar sauka ba sa ƙarewa a ƙasar Hausa. Koya wa yaran unguwa riƙe linzami da danna A, B, C, D kafin ranar JAMB, don kada yaro mai ƙwaƙwalwa ya faɗi saboda hannunsa na rawa a gaban sikirin. Wane ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfinka? Babu ko ɗaya!

'Yan'uwana mata, wannan sana'a taku ce ƙwarai. Ba ta bukatar rumfa a kasuwa, ba ta bukatar fita cikin rana. Ɗaki, tebur, inji, da hannu mai sauri. Ɗalibai mata da yawa sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu, ƙungiyoyin adashi na mata suna bukatar mai riƙe musu lissafi, masu sayar da atamfa da turare da kayan ƙwalam suna neman mai tsara musu hoton talla. Maigidan da ya saya wa matarsa ko 'yarsa laftof ya kafa wa gidansa wata ƙafa, kuma ina jinjina masa.

Ku kuma masu gyara, da sukurdirebanku da mitarku da ƙarfen narka dalma, ku ne ginshiƙin wannan harka duka. Duk injin da kuka tayar a nan, kun hana mai shi kuɗin mota zuwa Sakkwato ko Kano, kun kuma hana shagonsa zama a rufe mako guda. Roƙona ɗaya ne: kada fomatin ya zama maganin kowace cuta. Ku tambayi mai inji ko ya kwashe kayansa kafin ku goge. Ku gaya masa gaskiyar abin da ya lalace, ku mayar masa da tsohon abin da kuka cire ya gani da idonsa. Ku ƙara ilimi a kan gyaran bod, domin a nan ƙwarewa take, kuma masu yinsa ba su da yawa. Ranar da aka ce daga Jega da Bunza da Argungu ana kawo inji Kalgo saboda hannun wani, ranar garin ya ƙara daraja.

Ba na ce abin da sauƙi ba. Data tana da tsada, tawadar firinta tana da tsada, wani lokaci netwok ya ɗauke ana tsakiyar rajista, layi ya taru, ana ta ƙorafi a kanka. Akwai watannin da jami'a ke hutu, kasuwa ta yi sanyi. Amma ku mutanen da ke noma sau biyu a shekara ne, ku ne kuka sa sunan Kebbi ya zama sunan shinkafa a Najeriya. Himma ba ta ga rago, kuma ku ba ragwaye ba ne. Lokacin da kasuwa ta yi sanyi shi ne lokacin koyon sabon abu, lokacin share inji, lokacin zaga makarantu da ƙungiyoyi ana nuna musu abin da za ka iya yi musu.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, kwashe aikinka zuwa wuri na biyu. Kife injin ka dubi tagoginsa. Karanta bayan cajarka. Gobe kuma in ka buɗe shago, dubi yaron nan da kullum ke maƙale a bakin ƙofa yana leƙen sikirin. Kira shi, jawo masa benci. Nuna masa 'yan ƙusoshin nan biyu da ke kan harafin F da J, ɗora masa manuniyar hagu a ɗaya, ta dama a ɗayan, ka ce masa: bismillah, fara!